Tsari ne ya ka da Najeriya, ko mu muka ka da kanmu?

Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare sai da na kashe janareto na kori mutane, don gardamar da ta sarƙe a gidan kallona nan Mabera ta kusa kai ga dambe. To gara mu ƙarasa ta nan. Ni maganata guda ce: tsarin share fagen gasar cin kofin duniya na Afirka zalunci ne, kuma shi ya hana Najeriya zuwa gasar 2026. Ƙasashe 54 an ba su gurbi 9 kai tsaye. Turai an ba ta 16. Kudancin Amurka ƙasashe 10 ne kacal, amma 6 za su wuce. Wanda ke da ja ya fito.

Autan Arkilla: Wa alaikumus salam. Yaya, lissafinka daidai ne, amma ba shi ya kai mu ƙasa ba. Da gurbin Afirka 5 ne ai mun je a 1998, 2002, 2014 da 2018. Yanzu da aka kusa ninka shi ne za mu ce ƙofa ta yi mana ƙunci?

Mai Gidan Kallo: Ƙanena, rukuni tara, kowanne ƙasa shida, ɗaya tak ke wucewa. Ka zame sau ɗaya, shi ke nan.

Autan Arkilla: Sau ɗaya? Bari in tuna maka, tunda a gidanka muka kalla. Nuwamba 2023, Lesotho ta zo Uyo, 1-1. Bayan kwanaki Zimbabwe, 1-1. Yuni 2024 Afirka ta Kudu a Uyo, 1-1. Sannan Benin ta doke mu 2-1 a Abidjan. Wasa huɗu, maki 3 cikin 12. Wannan ba zamewa ba ce Yaya, kwanciya ce.

Tsohon Gola: Yaro ya hwaɗi gaskiya. Ba a fafe gora ranar tahiya. Mu da munka yi tsaron raga hilin Giginya tun kahin a haihe ku mun san wanga: makin da kaz zubar farkon kaka shi ka dawo ma ƙarshe. Kuma ku duba wa ag ga bencin Benin ranar da sunka doke mu. Gernot Rohr, wanda yak kai mu Rasha 2018, anka sallame shi. Ya san mu ciki da bai.

Mai Gidan Kallo: Baba, Allah shi ƙara girma, amma ku duba wani abu. Lesotho ba ta da filin da hukumar CAF ta amince da shi, Zimbabwe ma haka. Wasan da Lesotho ta karɓi baƙuncin Afirka ta Kudu a Bloemfontein aka yi, na Zimbabwe kuma a Durban. Wato abokiyar hamayyarmu tana "tafiya" alhali ba ta bar gida ba. Mu kuwa jirginmu sai da ya yi saukar gaggawa a Luanda da gilashi a tsage muna dawowa daga wasan Lesotho. Ina adalci a nan?

Malama ta Runjin Sambo: Alhaji, a wannan kam na ba ka gaskiya. Bai kamata a bar ƙasa ta mai da filin abokiyar rukuninta gida ba, ya kamata a ce a kai wasan wata ƙasa daban. Sai dai ka manta da ƙarshen labarin. A Durban ɗin canjaras aka tashi, babu ci. Zimbabwe da ba ta ci wasa ko ɗaya ba a rukunin ta riƙe su a cikin ƙasarsu. Ita ce kuma ta riƙe mu har sau biyu, na biyun a Uyo, muna gaba da ci ɗaya aka farke mana daf da tashi. Maki 6 muka zubar a gida, aka kuma raba mu da Afirka ta Kudu da maki ɗaya: 18 da 17.

Mai Gidan Kallo: Malama, ke da yara kike koya wa lissafi, dole ki kama ni da lamba.

Malama ta Runjin Sambo: Ai kai ka fara kawo lambar. Kuma 18 ɗin nan bayan FIFA ta zabtare musu maki 3 ne, saboda sun sa Teboho Mokoena a wasan Lesotho alhali yana da katin gargaɗi biyu. Wasan da suka ci 2-0 aka mai da shi an ci su 3-0. Kyauta aka miƙo mana har gida, ba mu iya karɓa ba.

Ɗan Illela: Ni dai tun ɗazu shiru niy yi, ina jin 'yan Najeriya na kukan zalunci. Ku zo Ƙwanni ku ji masu kuka na gaskiya. Kawunnena duk can su ke, Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, su ka goyon baya. Nijar an sa ta rukuni guda da Maroko, wadda tak kai wasan kusa da na ƙarshe Qatar 2022. Ba ta buga wasanninta na gida Yamai ba, sai an kwashi yara an kai su wata ƙasa. Duk da haka ta gama ta biyu da maki 15 cikin wasa takwas, ta je har Ndola ta doke Zambiya. Wa yat tuna da su?

Autan Arkilla: To me ya hana su shiga wasan cike gurbi?

Ɗan Illela: Ku kunka hana su! Bari in warware ma. Eritiriya ta janye tun kahin a hwara, sai rukunin Nijar yak koma ƙasa biyar. Da anka zo zaɓen huɗu mafi ƙwazo cikin waɗanda sunka zo na biyu, sai anka ce a cire sakamakon wasa da ta ƙarshen kowane rukuni don a daidaita. Najeriya maki 2 kawai tas samu hannun Zimbabwe, an cire, saura 15. Burkina Faso na da 21, ta ci Jibuti gida da waje, an cire 6, saura 15. Nijar 15. Sai anka koma ga ratar ƙwallaye, Najeriya taw wuce.

Malama ta Runjin Sambo: Ka ji ko, Alhaji? Rashin iya cin Zimbabwe ne ma ya cece mu. Ƙasa mai maki 21 ta zauna gida, mai 17 ta tafi wasan cike gurbi a Rabat. Da ɗan Wagadugu ne ya buɗe wannan gardama da ban ce uffan ba.

Mai Gidan Kallo: To ai kun dawo kan maganata! Tsarin da zai hukunta Burkina don ta ci wasanta ba tsari ba ne. Ni ban ce Najeriya kaɗai aka cuta ba.

Autan Arkilla: A'a Yaya, kar ka sauya riga a tsakiyar kasuwa. Ka ce shi ya hana Najeriya zuwa. Ga shi nan a sama, kowa na iya karantawa.

Tsohon Gola: Ku bar shi ya numfasa. Ni zan ba shi hujjar da bai kawo ba, don akwai shekarar da doka tac ci mu da gaske. Yuni 2005 na shiga mota tun daga nan har Kano, hilin Sani Abacha, wasanmu da Angola. Rana awa ta narka mutum. Okocha yas saka muna guda, sunka farke, anka tashi 1-1, kuma dama sun ci mu 1-0 Luanda. Ƙarshen zance kowa maki 21, mun hi su yawan ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma doka tac ce a duba haɗuwarku ku biyu. Angola tat tahi Jamus. Na dawo Sakkwato ban yi ma kowa magana ba kwana biyu. Sannan 2022, babu ci Kumasi, 1-1 Abuja, Ghana taw wuce da ƙwallon waje. Ba a ci mu ba, amma munka zauna gida.

Mai Gidan Kallo: Madalla, Baba! Ga shi nan.

Tsohon Gola: Tsaya, ɗana, ban ƙare ba. Duk dokokin ga an san su tun kahin a busa usur. Ba wanda yaɓ ɓoye muna su. Da mun ci Angola Kano, da mun ci Ghana Abuja, wa ka zancen doka? Duka biyun gida na munka kasa.

Ɗalibin Jami'a: Ina neman afuwar manya, in sa baki. Ina ganin maganar biyu ce aka cakuɗa. Ko Afirka ta samu kasonta daidai, wannan tsohuwar rigima ce. A 1966 ƙasashen Afirka ƙaurace wa share fagen suka yi gaba ɗaya, saboda gurbi ɗaya aka ce su raba da Asiya da Oshiniya. Daga nan aka ba su nasu gurbi ɗaya a 1970, Maroko ta je. Ya koma 2 a 1982, 3 a 1994, 5 a 1998. Kowane ƙari da ja-in-ja aka same shi. A nan ina bayan Alhaji: nahiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta cancanci fiye da ɗaya cikin shida. Amma batun Najeriya daban ne.

Autan Arkilla: Kuma masu gurbi 16 ɗin ma ba a kan katifa suke ba. Italiya mai kofi huɗu ba ta je 2018 ba, Sweden ta fitar da ita. A 2022 Masedoniya ta Arewa ta je har Palermo ta yi waje da ita.

Mai Gidan Kallo: Su ai suna da irin su San Marino da ake ɗura wa ƙwallaye kamar ana cika buhu. Nuna min San Marino a Afirka.

Malama ta Runjin Sambo: Mu ai Lesotho muka ɗauka San Marino ce, shi ya sa muka sha mamaki. Kuma ka dubi Cape Verde, tsibirai ne da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, jihar nan tamu ta ninka su sau da yawa. A wannan tsarin dai suka haye kan Kamaru suka ci rukuninsu, karon farko a tarihinsu. Tsarin bai tambaye su girman suna ba.

Ɗan Illela: Kuma ko Rabat ɗin da kunka samu zuwa, mi yaf faru? Ana saura kwana biyu wasa da Gabon 'yan wasa sunka ƙi hita atisaye kan kuɗɗan alawus da ba a biya su ba. Wanga ma FIFA ta?

Mai Gidan Kallo: Amma mun ci Gabon 4-1.

Ɗan Illela: Bayan ƙarin lokaci.

Autan Arkilla: Sai wasan ƙarshe na cike gurbin da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Onyeka ya ci tun minti na 3, gidan kallonka ya kusa rushewa, har wani ya taka min waya. Suka farke kafin hutun rabin lokaci, Osimhen bai dawo zagaye na biyu ba, daga nan ko harin kirki ba mu ƙara kaiwa ba. A fenariti suka ci 4-3. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, a wasannin nan duka in babu Osimhen kamar an zare wa babur fulogi.

Ɗalibin Jami'a: Ga kuma canjin masu horarwa. Peseiro ya fara, Finidi George ya karɓa ya ajiye bayan wasa biyu na share fagen, sai Eric Chelle a Janairun 2025. Mutum uku a tafiya ɗaya. A ba Chelle haƙƙinsa, ba a ci shi ko sau ɗaya a rukunin ba, ramin da ya tarar ne ya yi zurfi.

Tsohon Gola: Shi ma ai da anka hidda mu cewa yay yi 'yan Kongo sun yi asiri lokacin fenariti. Na yi dariya har da hawaye. Zamaninmu mun ga masu bizne laya bakin raga, kuma anka ɗura musu biyar.

Mai Gidan Kallo: To na ji. Na janye rabin maganata: ba tsari ne ya hana Najeriya ba. Amma rabi na biyu ina nan a kansa, gurbi 9 ya yi wa Afirka kaɗan, kuma abin da aka yi wa Burkina bai dace ba. Malama, ko a nan ma da ja?

Malama ta Runjin Sambo: A kan Burkina babu. A kan ƙarin gurbi kuwa, a bari mu ga abin da taran za su yi tukuna. In an ba mu 12 ma, da irin wasan da muka yi da Lesotho, za ka sake kashe janareto ka kori mutane.

Ɗan Illela: Ni dai a rubuta cewa Nijar maki guda ta yi da ku. Gobe in na ƙetara Ƙwanni zan nuna ma kawuna wagga hira.

Mai Gidan Kallo: Ka gaishe shi. Auta, batun wayarka da aka taka, ka zo da ita da la'asar in kai ka wurin mai gyara na bakin kasuwa. Kuma kuɗin kallo na daren Kongo har yau ba ka biya ba.

Autan Arkilla: Wasan da aka fitar da mu ma sai na biya, Yaya?