Ana karɓar bincike kan soke gidajen yari a jami'o'inmu kuwa?

Ɗaliba daga Gusau:
Salamu alaikum. Digiri na biyu nake yi a nazarin laifuka, ina son kundina ya zama kan masu cewa a soke kurkuku ɗungurungum, irin su Thomas Mathiesen ɗan Norway da Angela Davis ta Amurka. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan gwagwarmayar ƙosassu ce, ba bincike ba. Ko'ina haka ake kallonsa, ko mu ne kawai?

Malami, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam. Ko a Turai galibi gefe ake ajiye su: a ambace su a babin ra'ayoyi, a ce masu mafarki ne, a wuce. Amma ana ɗibar kayansu. Nils Christie, masanin nazarin laifuka ɗan Norway, ya rubuta a 1977 cewa lauyoyi da kotu sun ƙwace rikici daga hannun masu shi, kuma masu wa'azin sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta har yau shi suke ambato. Dokar 2019 da ta mai da hukumar gidajen yarin Najeriya ta gyaran hali ta kawo hukunci ba tare da tsarewa ba, kamar aikin al'umma, duk da masu son sokewa kwaskwarima suke ɗaukar irin wannan. Ki fara daga gida mana. Kisasi da diyya da yafiyar waliyyan mamaci suna cikin dokar shari'ar Zamfara tun 2000. Can dangin mamaci ke da ta cewa. Ki gwama wannan da Christie, mu ga wa zai ce ba bincike ba ne.

Ɗan Maru:
Malam, da girmanka. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 ina ya kai mu? Wanda ya ƙone rumbunan mutane, a yi zaman sasanci da shi? Ku zo ƙauye ku faɗi haka.

Lauya, Gusau:
Ɗan'uwa, ai mafi yawansu suna daji. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, cikinsu har da wanda aka kama kan akuya ya rasa mai tsaya masa beli. Amma 'yar'uwa, tambayar ɗan Maru ita za a jefo miki ranar kare kundi, kuma mutanen Norway ba su rubuta da kisan ƙauye guda a zuciyarsu ba. Ki ware mata babi.

Ɗaliba daga Gusau:
Na gode ƙwarai. Barista, wace hanya ake bi a samu izinin hira da masu jiran shari'a?