Muhawara: A ƙara manyan makarantun injiniyoyi, ko a fara gyara waɗanda ke akwai?

Sa'idu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da gwamnati za ta ƙara yawan manyan makarantun horar da injiniyoyi a Kamaru, kuma ta fara da buɗe Politeknik a Garwa. An kafa ta Yawunde a 1971, amma sai a 2017 arewa ta sami mai irin wannan suna, wato ta Marwa, shekara 46 ke nan tsakani. Garwa tana da jami'arta tun 2022, nan ne hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton, madatsar Lagdo tana kusa da mu, masana'antar siminti tana Figil, ga kuma tashar wutar hasken rana a Gidar. Duk waɗannan wurare injiniyoyi suke bukata, alhali kowace shekara yaranmu masu ƙoƙari suna zana jarabawar konkur, wato gasar shiga waɗannan makarantu, a ɗebi 'yan kaɗan, sauran su koma karanta abin da ba shi suka so ba. Idan guraben ne suka yi kaɗan, maganin ai shi ne a ƙara su.

Malam Buba, tsohon malamin lissafi:
Wa alaikumus salam. Sa'idu, na san kishi ne ya sa ka faɗi haka, amma lissafinka bai cika ba, domin ka ƙidaya makarantar da ake kira Politeknik kaɗai. A Ngaundere akwai ENSAI, wadda take yaye injiniyoyin sarrafa amfanin gona tun shekarun 1980. A Maiganga akwai makarantar ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai, a Kaele kuma akwai ta ma'adinai da man fetur. Saboda haka arewa ba ta rasa makarantu ba, tambayar ita ce su wa ke koyarwa a cikinsu.

Ana iya kafa makaranta da sa hannu a takarda ɗaya, ana iya gina ajujuwa cikin shekara biyu, amma malamin da zai koyar da injiniya sai ya yi shekara biyar ya zama injiniya, ya ƙara aƙalla uku ya sami digirin dakta, sannan ya daɗe yana aiki kafin ya goge. Idan aka buɗe sabuwa gobe, ba daga sama malamanta za su sauko ba, daga Marwa da Ngaundere za a zaro su. Wasu tsofaffin ɗalibaina sun ba ni labarin yadda malami yake zuwa daga kudu ya yi kwanaki ƙalilan, ya ɗura musu darasin zango guda tun safe har magariba, ya bar takardun jarabawa ya hau mota. Wanda ya koyi lissafin ƙarfin gini a haka, ni dai ba zan so in tsaya ƙarƙashin gadar da ya zana ba.

Hajiya Asabe, Garwa:
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da nauyi, amma akwai abin da iyaye mata suke gani wanda ba ya cikin lissafinku. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati dubu 50 ne na sefa, kuma ba shi ne yake hana yara karatu ba. Abin da yake hana su shi ne hayar ɗaki, da abinci, da kuɗin mota, da kuma fargabar uba game da 'yarsa a garin da ba ta da kowa. Marwa kusan kilomita 200 ce daga nan, Ngaundere ta fi haka, Yawunde kuwa sai an kai Ngaundere a kwana cikin jirgin ƙasa. Na san yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinsu, aka ce ba za ta bar gari ba, maganar ta ƙare a nan. Da makarantar tana Garwa, da yanzu wata maganar ake yi.

Injiniya Hamadu, Ngaundere:
Hajiya, ban musa ba. Sai dai zan faɗi abin da na gani a wurin aiki, tunda a harkar gine-gine nake. Akwai na'urar da ake gwada ƙarfin kankare da ita: a zuba kwaɓin a mazubi, a jiƙa shi cikin ruwa kwana 28, sannan a sa shi a matse har ya fashe, a karanta nauyin da ya ɗauka. Wannan shi ne abin farko da injiniyan gini ya kamata ya iya. An turo mini matasa masu takardar injiniya waɗanda suka haddace ƙa'idar sarai, amma ba su taɓa ganin an yi gwajin ba, saboda na'urar makarantarsu ta lalace ko kuma babu ita ma gaba ɗaya. Makarantar injiniyoyi ta fi sashen shari'a ko tarihi tsada nesa ba kusa ba, domin allo da alli ba sa isarta. Idan kuɗin da ke hannu bai wadaci ɗakunan gwaji huɗu ba, raba shi gida shida ba zai sa ya yi auki ba.

Sannan akwai maganar da ba a cika son ji ba. Abin da muka fi ƙaranci a arewa shi ne ƙwararrun masu aikin hannu, irin waɗanda suke yin shekara biyu ko uku bayan bak, wato jarabawar kammala sakandare. Ku zaga ƙauyuka ku ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da suka tsaya cik, galibi ba don an rasa mai zana sabuwa ba, sai don an rasa wanda zai buɗe akwatin wutar ya gane abin da ya ƙone.

Sa'idu, Garwa:
Yaya Hamadu, da an bi wannan hujja a 1993, da ba a raba jami'ar Yawunde aka sami shida ba, da Ngaundere ba ta zama cikakkiyar jami'a ba, da kuma ba a kafa ta Marwa a 2008 ba. Kullum idan aka zo kan arewa sai a ce a jira malamai, a jira kayan aiki. Ku dubi Indiya. Cibiyoyinta na fasaha da ake kira IIT sun fara da guda ɗaya a Kharagpur a 1951, suka daɗe ba su wuce 'yan kaɗan ba, amma daga 2008 aka buɗe sababbi takwas kusan a lokaci guda, yau kuma sun kai 23. A can ma an yi ta cewa darajarsu za ta zube, kuma har yanzu gasar shigarsu tana cikin mafi tsanani a duniya.

Malam Buba, tsohon malamin lissafi:
Madalla da ka kawo Indiya, domin misalin yana gefena fiye da naka. Sababbin cibiyoyin nan ba su tashi su kaɗai ba, kowace an ɗora ta a kan wata tsohuwa da ta raine ta, wasu ma a harabar tsofaffin ko a gine-ginen aro suka fara karatu, kuma duk da haka sun yi fama da ƙarancin malamai. Ƙasa ce mai mutum sama da biliyan ɗaya, mai yaye masu digirin dakta da yawa a kowace shekara. Mu wace tsohuwar ce za ta raini sabuwa? Ta Marwa sai a 2017 ta sami sunanta, ta Duwala ma a 2020 ta zama Politeknik.

Kuma tunda aikina ne, bari in ƙara da wannan. Ka ce yara masu ƙoƙari sun yi yawa, gurabe sun yi kaɗan. A Yawunde da Duwala haka ne. A nan kuwa, je ka lise, wato babbar sakandare, ta ƙauye ka nemi ajin ƙarshe na masu lissafi da kimiyyar fizik, wanda muke kira ajin C. Wani wuri za ka tarar da ɗalibai da za ka ƙidaya da yatsu, wani wuri babu ajin sam, saboda babu malami. Konkur kuwa ta ƙasa ce baki ɗaya. Idan ka buɗe Politeknik a Garwa ba tare da ka gyara wannan ba, ginin zai kasance a garinka, amma yaran ƙauyukanmu za su ci gaba da leƙe ta taga.

Abakar, Njamena:
Ina gaishe da dattawa. Ku ba ni dama in sa baki daga wannan ƙetaren kogi. A Cadi mun fara fitar da mai a 2003 ta bututun Doba zuwa Kribi, matatar Jarmaya ta fara aiki a 2011, an kuma buɗe makarantar man fetur a Mao da ta fasaha a Mongo. Duk da haka ɗalibanmu da yawa suna tsallakowa ta Kusuri zuwa Marwa da Ngaundere, domin iyaye ba yawan makarantu suke dubawa ba, suna duba wadda takardarta take samar da aiki. Shawarata ita ce a duba tsarin makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda ƙasashe da dama suke tura ɗalibansu don karatun ruwa da makamashi da muhalli. Kogin Logon ɗaya ne, ambaliyar 2024 ta shafi Yagwa da Kusuri kamar yadda ta shafe mu. Makaranta ɗaya mai ƙarfi a kan ruwa da madatsai, wadda ƙasashen biyu za su zuba wa kuɗi, za ta fi mana amfani da kowa ya gina tasa ƙarama.

Hajiya Asabe, Garwa:
Ɗana Abakar, wannan tunani ne mai kyau, amma ya ƙara nisanta makarantar da yarinyar da nake magana a kanta. Malam Buba, idan kun ƙi sabuwar makaranta, to me kuka tanadar mata?

Malam Buba, tsohon malamin lissafi:
Hajiya, abu biyu. Na farko, ɗakin kwanan ɗalibai mata mai tsaro da tallafin karatu a Marwa da Ngaundere, wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar makaranta ba. Na biyu, shekara biyun farko na karatun injiniya galibi lissafi ne da fizik da kimiyyar sinadarai, ba sa bukatar manyan injina. Ana iya buɗe su a jami'ar Garwa ƙarƙashin kulawar Politeknik ta Marwa, da manhaja ɗaya da jarabawa ɗaya, sai a shekara ta uku ɗalibi ya koma can.

Sa'idu, Garwa:
Malam, wannan zan iya karɓa a matsayin mafari, da sharaɗin a rubuta wa'adin da reshen zai tsaya da ƙafarsa. Madatsar wutar lantarki ta Bini a Warak, a yankin Adamawa, ma da alkawari aka fara ta, har yau arewa ba ta sami wutarta ba. Yaya Hamadu, kai da kake cikin harkar, malamai nawa na dindindin da ɗakunan gwaji nawa kake ganin reshe zai mallaka kafin a ce ya cancanci zama makaranta mai cin gashin kanta?