Wane moray ne ya dace da tankin gida?

Abu Hanif: Salam jama'a. Ina so in saka moray, kifin teku mai dogon jiki kamar maciji, a tankina na ruwan gishiri, lita 300 ne, akwai duwatsun murjani a ciki. Wane irin moray ya fi, snowflake ko ribbon?

Maman Ikram: Snowflake, Echidna nebulosa. Shikenan.

Kawu Bala: Ɗana ka ji ni da kyau, kar kyan ribbon ya ruɗe ka. Nima shuɗin jikin nan da ruwan ɗorawan bakinsa ne ya ja ni, wanda ya sayar min har rantsuwa yayi wai yana cin komai, wallahi tunda na kawo shi ko kallon abinci bai yi ba, na gwada jatan lande, na gwada yankan kifi a bakin sanda, sai dai ya leƙo daga bututu ya koma, haka ya rame ya mutu. Da na koma wa mutumin sai cewa yayi ruwana ne ba kyau. Irinsu dama sun saba ƙin ci a tanki. Snowflake kam baya wahalar da mutum, amma ka samu murfi mai nauyi ka toshe duk wata ƙofa har ta wajen wayar famfo, don da dare suke yawo, sai ka tashi ka tarar dashi a ƙasa ya bushe.

Sadiya_k: In kana da kaguwa ko jatan lande a ciki kayi musu bankwana, haƙoran snowflake dasasshu ne, don fasa ɓawo aka yi su.

Auwal: Ni dai maciji a falo? Allah ya kiyaye 😂

Maman Ikram: Kifi ne Auwal. Buɗe bakin da yake yi ma numfashi ne ba faɗa ba.

Auwal: To Hajiya ki sa yatsa mu gani.

Kawu Bala: Kar wanda ya sa. Ba ya gani sosai, da ƙamshi yake farauta, kuma akwai wani muƙamuƙi na biyu a maƙogwaronsa da ke fitowa ya ja abinci ciki.

Auwal: Ana cinsa kuwa?

Sadiya_k: Babban nasu, Gymnothorax javanicus, da yake kai mita 3, naman na iya ɗauke da gubar ciguatera, dafuwa ma bata kashe ta.

Abu Hanif: Toh lita 300 ɗin fa, ya isa?

Auwal: Mita 3?? Sadiya da gaske kike?