Shawarwari kan tiyatar cire maraina ko gidan ƙwai ga masu bambancin halittar jinsi

Masu bambancin halittar jinsi su ne waɗanda aka haifa da jikin da bai bi tsarin namiji ko na mace da aka saba gani ba. A kan wannan tiyata ba a yi wa kowa hukunci ɗaya, domin hatsarin ciwon daji, wanda shi ne babban dalilin tiyatar, ya danganta da irin yanayin mutum. Mai ciwon Swyer, wadda take da kiromosom Y (ƙwayar gado da aka saba samu a jikin maza) amma gaɓoɓin da ya kamata su zama maraina ko gidan ƙwai ba su ginu ba, hatsarinta babba ne, don haka ana cire su da zarar an gano. Ita kuwa wadda jikinta ba ya amsa sinadarin namiji kwata-kwata, hatsarinta kafin balaga kaɗan ne, kuma marainan da ke cikin jikinta su ne za su balagar da ita, saboda haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce a jira ta girma ta yanke shawara da kanta, ana duba ta lokaci-lokaci.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne, abin da aka cire ba ya dawowa. Bayan tiyatar dole mutum ya daɗe yana shan maganin homon, wato sinadarin da maraina ko gidan ƙwai ke samarwa, in ya yi sakaci ƙasusuwansa su yi rauni. Ƙasar Malta ta hana yi wa yara irin wannan tiyata ba da yardarsu ba tun 2015, matuƙar za a iya jinkirta ta.