Wa Ke Riƙe da Cacar Ƙasa, Kuma Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Mai neman sani: Assalamu alaikum. Na karanta labarin mutumin da ya ci dala biliyan 2.04 a cacar Powerball a jihar Kalifoniya a shekarar 2022, sai na fara tunanin wanda ke riƙe da irin wannan harka. Gwamnati ce ke gudanar da ita ko kamfanoni? Su kuma shafukan intanet da ke tallata tikitin ƙasashen waje, tikitin gaske suke sayarwa? Ba hukuncinta a addini nake tambaya ba, wannan sananne ne; tsarin nake son fahimta.

Tsohon akanta: Wa alaikumus salam, Malam. Amurka ba ta da cacar ƙasa ko kaɗan, kowace jiha ita ke da wuƙa da nama, shi ya sa a jihohin Yuta da Nebada ba a sayar da tikitin, Powerball kuwa haɗin gwiwar jihohi ce. Wancan adadin da ka gani na wanda ya yarda a biya shi kashi-kashi sau 30 ne; shi mutumin ya zaɓi karɓa lokaci guda, sai kuɗin suka koma ƙasa da dala biliyan ɗaya, tun kafin haraji ya ci nasa rabon. A Birtaniya, inda aka fara a 1994, gwamnati lasisi take bai wa kamfani guda: Camelot ya riƙe har zuwa farkon 2024, sannan Allwyn ya karɓa. A can ba a cire wa wanda ya ci haraji, domin gwamnati ta riga ta ɗebi kashi 12 cikin ɗari daga kuɗin tikiti, wani kason kuma yana tafiya ga wasanni da ayyukan jin ƙai.

Ɗalibar tarihi: Baba akanta, a ƙara da Sifaniya, wadda cacarta ta Kirsimeti ta samo asali tun 1812 kuma tana hannun gwamnati. Lamba ɗaya ake bugawa a tikiti masu yawa, saboda haka unguwa guda kan wayi gari an raba babbar kyautar a tsakanin mutanenta, kuma yara 'yan makaranta ne ke rera lambobin ranar 22 ga Disamba.

Mai bin diddigi: Batun intanet shi ne inda ake yi wa mutane rufa-rufa. Wasu shafukan suna aika wakili ya sayo maka tikiti ya ajiye, wasu kuwa ba su sayen komai, fare kawai kake yi da su a kan lambobin da za su fito, ta yadda in ka dace, kamfanin ne zai biya ka daga aljihunsa ko na inshorarsa, ba hukumar cacar ba. Idan ya gaza, hukumar ba ta san da zamanka ba. Sin ta dakatar da sayarwa ta intanet a 2015, wasu ƙasashen kuma suna sharɗanta zama a cikinsu kafin a buɗe asusu. Saƙon da ke cewa ka ci cacar da ba ka shiga ba, amma sai ka fara tura kuɗi, wannan damfara ce tsagwaronta.

Tsohon akanta: Na manta lissafin da ya fi muhimmanci, Malam: damar cin babbar kyautar Powerball ɗaya ce cikin sama da miliyan 292, ta Lotto ta Birtaniya kuwa, a shekarar 2024, ɗaya cikin kimanin miliyan 45.