Cunkushe lemo a lambu kusa da Daura: wane gindi, wace tazara?

Mai Lambun Sabke:
Assalamu alaikum. Hekta biyu ce kusa da dam ɗin Sabke, ƙasa jigawa, akwai burtsatse mai sola. Maimakon mita 7 da 7 da aka saba, wato bishiya 204 a hekta, ana son mita 4 da 1.5 yadda ake yi a Sifen, a riƙa aski da feshi da tarakta. Wane gindi za a yi wa aure, wato a manna masa reshen lemon da ake so, don kada bishiyar ta yi girma?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tazarar nan bishiya 1,666 ke nan a hekta, kuma gindi ne ke riƙe ta. Gindin da masu renon dashe ke yi wa aure a ƙasar nan, Cleopatra da Rough lemon da Volkameriana, duk manyan bishiyoyi suke bayarwa. In ka matse su haka, kafin 'yan shekaru rassa sun haɗe, ciki ya yi duhu ya bushe, 'ya'ya su koma can ƙololuwa.

Gindin da ke hana lemo girma da gaske shi ne Flying Dragon, bishiyar kan tsaya wajen mita 2 zuwa 2.5. Sai dai ɗan ƙasar sanyi ne, saiwarsa ba ta nisa, ba ya jure ƙishi, ba ya son kanwa ko gishiri. A kai ƙasa da ruwan burtsatsen gwaji tukuna. In pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 7.5 ganye zai yi ɗorawa. Wajen reno kuma a zaɓi masu lanƙwasasshiyar ƙaya da kara mai karkace-karkace, a cire miƙaƙƙun, don su ba za su hana bishiya girma ba. Ni dai shawarata, layi biyu kawai a gwada shi. Sauran a yi 6 da 3 a kan Cleopatra, bishiya 555. A tuntuɓi NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, suna da tasha a Bagauda.

Injiniyan Ban-ruwa:
Alhaji, a fara lissafin ruwa. Lemo na son milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, daminar Daura ba ta kaiwa nan, kuma wata huɗu ce. A Maris da Afrilu lambun da rassansa suka rufe kan sha kusan milimita 5 kullum, lita 50,000 a hekta. Hekta biyu, lita 100,000. In sola na aiki awa 7, sai burtsatsen ya ba da sama da lita 14,000 a awa. Yana bayarwa?

Tiyon ɗigo biyu kowane layi, a raba ruwan safe da yamma saboda yashi ba ya riƙewa. Kada ɗigon ya jiƙa jikin bishiya, shi ke kawo ciwon da ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro. Mahaɗin auren ya zauna santimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa.

Mai Lambun Sabke:
Na gode ƙwarai. To askin fa, Malam?

Malamin Gona:
Layuka su miƙe kudu da arewa, rana ta samu ɓangare biyu. A bar wa tarakta hanya mita 2 zuwa 2.5, da wurin juyawa kamar mita 8 a ƙarshen layi, wanda mutane ke yawan mantawa sai an gama dashe. Zarton askin ya karkata digiri 10 zuwa 15, ƙasa da faɗi, sama a tsuke, don rassan ƙasa su ga haske. Tsayi kada ya wuce ninki biyu na faɗin hanyar.

A fara tun rassa na kaurin fensir, kaɗan-kaɗan kowace shekara bayan an tsinke 'ya'ya. Wanda ya jira sai sun yi kauri zai yi asarar amfanin shekara mai zuwa, don lemo a bakin rassa yake fure. Kada a yi aski mai zurfi a tsakiyar bazara, rana na ƙona ɓawon da ya fito fili, gara ta bi; inda ya tonu a shafa farin fenti na ruwa. A wanke zarto da almakashi da ruwan bilic kafin a shiga sabon layi, domin cutar exocortis, mai sa ɓawon gindi ya riƙa ɓarewa, tana yaɗuwa ta bakin ƙarfe, kuma Flying Dragon ba ya jure ta.