"Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba": gargaɗi ce ko shaida?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar nan ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gaban malamai. Ni tun tasowata gargaɗi na ɗauke ta: a bar tone-tone, wanda ya nace sai ya tuna abin da aka yi masa, ya hana kansa jin daɗin yau. Jiya na faɗe ta ina sasanta ƙannena biyu, sai wani dattijo ya ce na sa ta inda ba gurbinta ba. Kafin ya yi bayani aka kira Magariba.

Wannan ne karo na biyu da ta ba ni kunya. Na daɗe ina aiki a shagon yadi na wani mutumin Labanan, ɗan garin Miziyara, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. A Nuwamban 2018 na shiga da rasit zai sa hannu, na tarar ya ƙura wa waya ido, gahawarsa har ta huce. Hoton mutum biyu ne suna musafaha, shugaban cocin Maronawa, wata ɗariƙar Kiristocin Labanan, a tsakiyarsu. Ya ce wannan Samir Ja'aja ne, wancan Sulaiman Faranjiya, manyan 'yan siyasar ƙasarsu. A 13 ga Yunin 1978 mayaƙan jam'iyyar Kiristoci ta Kata'ib suka kai hari garin Ihdin, suka kashe mahaifin Sulaiman da mahaifiyarsa da ƙanwarsa ƙarama da mutanensu sama da 30. Ja'aja na cikin jagororin harin, ko da yake ya ce an ji masa rauni tun kafin a isa gidan. Dukansu Kiristoci, coci ɗaya. Bayan shekara 40 ga su hannu da hannu. Na ce, "Maigida, ai haka ya fi, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Ya dube ni, ya kife wayar, ya sa hannu a rasit, bai ce uffan ba.

To malamai, ina kuskuren yake?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dattijon nan yana da gaskiya. Dubi ginin maganar. An ce "bai ji ba", ba a ce "ba zai ji ba". Rashin jin daɗin ya riga tunawar. Gwada ta da 'yar'uwarta, "Kowa ya ci zomo ya ci gudu." Gudun ne farko, cin naman daga baya. Haka nan, in ka ji mutum yana ta ambaton bara, shaida ce bana ba ta yi masa kyau ba. Da gargaɗi ake nufi, da an gina ta irin ta "wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba", wadda ke hango gaba.

Manomin Maraɗi:
Malam ya faɗi daidai, kuma maganar ma tamu ce ta manoma. Bara da bana damina ake nufi. Shekarar da rumbun babana ya cika har muka jera sauran dammunan gero a kan rufin ɗaki, ban ji ya ambaci bara ko sau ɗaya ba. Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, kullum da yamma sai ya zauna bakin rumbu yana lissafa dami nawa ya samu bara. Kuma ku lura, baran da ake tunawa a nan mai daɗi ce, ba ta baƙin ciki ba.

Ɗan Kantin Kwari:
To in haka ne ashe ban ma taɓa fahimtarta ba. Amma Malam, ai kusan kowa a kasuwa da ma'anata yake faɗarta.

Malamin Hausa:
Ana faɗa, ban musa ba, har a wajen sulhun aure na sha ji. Harshe na masu shi ne, in jama'a suka ja magana wani gefe tana bin su. Sai dai asalin shi ne wanda manomi ya kawo.

Ɗalibar Tarihi:
Malam, a ba ni dama in sa baki, don misalin da Yaya ya kawo yana cikin abin da nake karantawa. Ni ina ganin ma'anar asalin ce ta fi bayyana siyasar Labanan, ko da baran tasu ta jini ce.

Tsarinsu rabon ɗariƙa ne: shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a. Tun yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989, wadda aka yi don kawo ƙarshen yaƙin basasarsu, kujerun majalisa rabi na Musulmi ne rabi na Kirista, yanzu 128 ne. Babu ɓangaren da zai ci shi kaɗai, dole kowa ya nemi abokin tafiya, abokin kuwa sau da yawa wanda kuka harbi juna ne jiya.

Ɗauki Janar Mishel Aun, Kirista Maroni da ke jagorantar sojojin ƙasar a ƙarshen yaƙin. A 1989 ya shelanta yaƙi da sojojin Siriya. A 1990 ya gwabza da dakarun Ja'aja a unguwannin Kiristoci, ɗan'uwa na harbin ɗan'uwa. A 13 ga Oktoban shekarar Siriya ta fitar da shi daga fada, ya ƙare a Faransa, bai dawo ba sai Mayun 2005. Wata 9 da dawowarsa, a 6 ga Fabrairun 2006, ya zauna da Hasan Nasrallah, shugaban Hizbullah na lokacin, a cocin Mar Mikha'il suka ƙulla ƙawance, alhali a lokacin Hizbullah babbar aminiyar Siriya ce. A Janairun 2016 kuma Ja'aja ya tarbe shi a gidansa na Ma'arab ya ce shi yake goyon baya a takarar shugaban ƙasa. Me ya kawo haka? Sa'ad Hariri, jagoran 'yan Sunni kuma abokin tafiyar Ja'aja a lokacin, ya karkata ga Sulaiman Faranjiya a takarar. Da ganin haka Ja'aja ya zaɓi tsohon abokin gabar da ya fi masa sauƙi. Aun ya hau kujera a 31 ga Oktoban 2016, bayan ta yi fiye da shekara 2 babu kowa a kanta. Ba a jima ba rabon ministoci ya haɗa su, aka koma tono 1990 a gidajen talabijin.

Wato in bana ta yi daɗi babu mai tuna bara. Ranar da kaso ya yi kaɗan, sai a ɗauko hotunan waɗanda aka kashe a manna a bango. Karin maganar ta zauna musu daram.

Baba na Zango:
'Yata, Allah ya ƙara ilimi. Amma kin yi musu tsanani, kuma ni ina tare da ɗana na Kantin Kwari. Mu da muka zauna baƙunta a ƙasar wasu mun san darajar haɗiye magana. Allah ya ce sulhu alheri ne, bai ce sai an tsaga zuciya an duba niyya ba.

Ga Walid Jumblat, jagoran Duruz, wata ƙaramar ɗariƙa a ƙasar. An kashe mahaifinsa Kamal a 16 ga Maris 1977, kowa na nuna Siriya da yatsa. Bayan kimanin kwana 40 ya tafi Dimashƙa ya zauna gaban shugaban Siriya na lokacin, Hafiz Asad. Mutane suna ce masa mai juyawa da iska, don ya bi Siriya shekaru, ya yi mata tawaye bayan kisan tsohon firaminista Rafik Hariri a 2005, ya bar ƙawancen masu adawa da Siriya, wanda ake kira 14 ga Maris, a 2009, ya sake komawa Dimashƙa a 2010. Ni kuwa abin da nake gani, mutum ne da jama'arsa 'yan kaɗan ne a kan dutse, manya sun kewaye su. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma shi ɗin ne a Agustan 2001 ya karɓi shugaban cocin Maronawa, Nasrallah Sufair, a gidansa na Mukhtara, aka rufe babin yaƙin dutse na 1983 da ya kori dubban Kiristoci daga ƙauyukan Shuf, yankin su Jumblat. Wasu sun koma sun gyara gidajensu, an sake buɗe coci-coci. Da ya zauna lissafin bara, wa zai koma? Ƙungiyoyin Amal da Hizbullah ma sun kashe juna daga 1988 zuwa 1990, dukansu Shi'a, yau ga su tafiya ɗaya. Ko ta ciki na ciki, zaman da ba a harbi ya fi.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, sulhun Mukhtara ban raina shi ba, yana cikin 'yan kaɗan da talaka ya gani a ƙasa. Amma akwai abin da ya faru a ranar da aka kashe Kamal Jumblat. Mabiyansa cikin fushi suka afka wa maƙwabtansu Kiristoci a ƙauyukan Shuf, suka kashe fiye da mutum 100 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ɗan mamacin ya je ya daidaita da waɗanda ake zargi. 'Ya'yan waɗancan ƙauyawa fa, wa ya je wajensu a lokacin?

Maman Biyu:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, maganar ƙanwata ce ta sa na kasa shiru. Ni ban damu da "bai" da "ba zai" ba, Malam ka yi haƙuri. Abin da nake tambaya shi ne, bakin wa maganar ta dace da shi?

Mijina ya rasu ya bar gona. Wani a dangi ya sayar da ita ina cikin takaba. Da na fita na yi magana, aka tara mu a zaure, shi yana zaune kan buzu yana jan carbi, ni ina bakin ƙofa da goyo. Wanda ya fara ce mini "kowa ya tuna bara" shi ne wanda ya ci kuɗin. Na yi shiru don manya sun sa baki, amma wallahi har gida ina jin maganar kamar an watsa mini ruwan zafi. Da ni na faɗe ta, da yafiya ce. Da ta fito daga bakinsa, toshe mini baki ya yi.

Abin da aka yi a Labanan ke nan. A Agustan 1991 majalisa ta yi dokar afuwa ga laifukan yaƙin da ya fara tun 13 ga Afrilun 1975. Amma an cire kisan shugabannin siyasa da na addini da jakadu daga afuwar. Ku duba da kyau, jinin manya ba a yafe shi ba, na talaka aka yafe, kuma ba talakan aka tambaya ba. Ta wannan ƙofar aka ɗaure Ja'aja daga 1994 zuwa 2005, kan kisan manya irin su firaminista Rashid Karami. Mutum kusan 17,000 aka ƙiyasta sun ɓace a yaƙin. Akwai wata mata, Wadad Halwani, an zo har gida an tafi da mijinta a 1982, ta tara matan da abin ya shafa suka kafa kwamitin iyalan waɗanda aka sace. Sai a Nuwamban 2018, watan musafahar nan da maigidan Yaya yake kallo, aka yi dokar da ta ba su haƙƙin sanin inda mutanensu suke. Shekara 36 mace ba ta san matar aure ce ita ko mai takaba ba. Irin wannan za a ce wa ta bar tuna bara? Ai ita bana ba ta taɓa zuwa mata ba.

Baba na Zango:
'Yata, Allah ya saka miki, ya raya marayu. Ban ce a danne haƙƙi ba. Tsorona ɗaya ne: ƙasar da ɗariƙu 18 ke cikinta, kowace da kabarin da take kuka a kai, in aka ce kowa ya kawo lissafinsa, ba za a tashi daga zaman ba sai da bindiga. An ga ɗan samfuri a Mayun 2008, da aka yi kwanaki ana harbi a Bairut har sai da aka kwashi shugabannin zuwa Doha.

Maman Biyu:
Amin Baba, na gode. Amma matan nan ba bindiga suka nema ba, ƙasusuwa suka nema su binne. Kuma ba su ne suka yi harbin 2008 ba, waɗanda aka yi wa afuwar ne.

Ɗalibar Tarihi:
Ƙari a kan maganar Anti: har yau babu littafin tarihi ɗaya da makarantunsu suka yarda da shi a kan yaƙin. Yaro a gida yake jin labari, daga bakin ɓangarensu kaɗai. Su da kansu suna da abin da suke faɗa duk 13 ga Afrilu, "tinzakar wa ma tin'ad", wato a tuna amma kada a maimaita.

Malamin Hausa:
Hajiya ta kawo abin da nahawu bai kawo ba, na karɓa. Abin da zan ƙara, in za a yi sasanci muna da waɗanda aka yi domin haka: "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa", ko "Mai haƙuri yakan dafa dutse." Waɗannan ba sa ɗora laifi a kan wanda aka cuta. Ta bara da bana kuwa, in mai sulhu ya ji wani yana ta tuna bara, aikinsa ya tambaya me ya rasa a bana.

Manomin Maraɗi:
Malam, ta dafa dutsen ma an fi faɗa wa wanda aka cuta. Ban taɓa ji an faɗa wa wanda ya ci gona ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya, maganarki ta sa na tuna abin da ban kawo a farko ba. Miziyara da Ihdin yanki ɗaya ne, ƙasar Zagarta. A bangon ofishin maigidan nan, bayan kujerarsa, akwai wani ɗan hoto baƙi da fari na wani saurayi mai gashin baki, an saƙala masa ƙaramin gicciye a kusurwa. Shekara da shekaru ina goge masa ƙura duk Asabar, ban taɓa tambayar ko wane ne ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Yanzu tsufa ya kama shi, ɗansa ke riƙe da shagon, amma yakan zo da hantsi ya zauna. Gobe in Allah ya kai mu zan biya in gaishe shi. Ƙannena kuma zan sake kiransu daren nan, don ƙaramin bai gama maganarsa ba na katse shi da karin magana.